In ɗan'uwa ya faɗi cikin zunubi, ga yadda za ka je wurinsa

Yawanci labarin faɗuwar ɗan'uwa ba daga bakinsa muke ji ba, daga gurup ne. Ka tashi da safe ka buɗe WhatsApp sai kaga wani ya rubuta a gurup ɗin matasa wai "'yan'uwa mu sa wance a addu'a, abin ba daɗin ji", shikenan an gama da ita, kafin ƙarfe tara mutanen Tumfure sun sani na Bolari sun sani, kafin yamma goggonta a Billiri ta kira tana kuka, ita kuwa yarinyar ko mutum ɗaya bai taka ƙafa ya je ya ce mata sannu ba. Toh maganar da nake so mu yi kenan mu masu bi na nan Gombe da kewaye. In wani a cikinmu ya faɗi, ko ciki ne aka yi ba aure, ko kuɗin baikon coci ne ya yi ƙafa, ko magidanci ne ya koma gidan burukutu, ko yaro ɗan kwaya, wato mawaƙan coci, ne ya fara shan tiramol, me za ka yi? Ba fasto nake tambaya ba, ba dattawa ba, kai ɗin nan da labarin ya shigo wayarka.

Aikinka na fari shine labarin ya mutu a hannunka. Kar ka tura wa kowa, kar ka yi sikirinshot, kar ma ka rubuta "kai! da gaske?" domin wannan tambayar ita ce ke buɗe wa masu ƙarin gishiri ƙofa. Bi wanda ya sa maganar ta gefe ka ce mishi, "ɗan'uwa ka je wurinta kuwa? In ba ka je ba dan Allah goge wannan, in kana so mu je tare." In babba ce ta rubuta sai ka kira ta a waya ka gaishe ta da kyau ka ce, "Mama ki yi haƙuri, inaga gara a cire wannan tukuna, iyayen yarinyar ma ƙila ba su ji ba." In kai ne admin ai kana da ikon gogewa, goge kawai, wanda zai yi fushi ya yi. Kuma dan Allah mu daina ɓoye gulma cikin rigar batun addu'a. A addu'ar safe ko taron Zumuntar Mata za a iya cewa akwai wata 'yar'uwa da ke cikin gwaji mu ɗaga ta gaban Ubangiji, ya isa, Allah ya san sunanta ya san gidansu, ba sai kin ƙara da watan cikin da sunan wanda ake zargi ba. Karin Magana 11:13 ta raba mutane gida biyu, mai yawo da magana yana tona asiri, amintacce kuma yana rufewa.

Sannan ba duk abinda aka ce ne ya faru ba. An ga wance a bayan mashin ɗin wane da daddare, toh sai me, ɗan acaɓa ne fa, sana'arsa kenan. Tun a Maimaitawar Shari'a 19:15 ba a tabbatar da laifi da bakin mutum ɗaya, sai shaidu biyu ko uku, Bulus ma ya maimaita wa Timoti wannan game da dattawan ikilisiya a 1 Timoti 5:19. In abinda kake da shi "an ce wai" ne kawai, ba ka da komai.

Kafin ka sa takalmi

Ba kowa ne ya kamata ya je ba, wannan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Galatiyawa 6:1 ta ce waɗanda suke na ruhu su ne za su komo da wanda aka kama cikin laifi, cikin tawali'u, kuma mai zuwan ya lura da kansa kar shi ma a jarabce shi. Tambayi zuciyarka, da ka ji labarin nan me ka fara ji? In wani ɗan daɗi ne ya ratsa ka, irin na "dama na faɗa, mai yawan nuna ita ce mai tsarki", zauna a gida, ba kai ba ne, je ka yi addu'a domin kanka tukuna. In kuna da tsohuwar rigima da mutumin, ta fili ko ta shugabancin matasa, kai ma zauna ka nemi wani ya je. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Namiji ya je wurin namiji, mace wurin mace. Saurayi ya ce zai riƙa zuwa ɗakin budurwa da yamma yana ƙarfafa ta cikin Ubangiji, mun san inda irin wannan ƙarfafawar ke ƙarewa. In dole namiji ne zai je, kamar fasto ko dattijo, ya tafi da matarsa. In wanda ya faɗi ya girme ka sosai, sa'an babanka ne, nemi wani sa'ansa da yake jin maganarsa, domin a wurinmu yaro ya zaunar da dattijo yana lissafa mishi laifi, ko da gaskiyarsa, maganar ba za ta shiga ba.

Zuwan kansa

Matiyu 18:15 a fili take, ka je ka same shi tsakaninka da shi kaɗai. Da ƙafa ake zuwa. Saƙon waya ba ya ɗaukar murya, ka rubuta da hawaye ya karanta da fushi, kuma saƙo ana ajiyewa a nuna wa wasu. Kar ka tare shi a ƙofar coci bayan sujada mutane na wucewa suna miƙa wuya, kar ka same shi a shagonsa a kasuwa gaban kwastomomi. Je gida lokacin da ka san ba jama'a, ko ka ce ya raka ka wani wuri ku taka. Kar ka shiga da ƙaton Littafi Mai Tsarki a hammata kamar ɗan sanda da takardar kame, wanda ke cikin kunya yana hango ka zai ce wa yara su ce ba ya nan.

Ka tafi da ɗan abu a hannu, lemo ne, burodi ne, ƙosai ne mai zafi a leda. Wannan ba wayo ba ne, daga wurin Ubangiji muka gani. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist, toh a Yohanna 21 da Yesu ya tashi daga matattu ya sami almajiransa a bakin tekun Tibariya, sai da ya hura wutar gawayi ya ɗora kifi ga gurasa ya ce su zo su karya kumallo, sai bayan sun ci ne ya juya ga Bitrus ya yi mishi tambayar nan sau uku ko yana ƙaunarsa. Bai ce "me ya sa ka yi min haka" ba. Mutumin da asirinsa ya tonu sau da yawa kwana da kwanaki bai ci abin kirki ba, ka lura da leɓensa za ka gani.

Ku gaisa sosai, gaisuwa irin tamu, ya gida ya yara ya aiki ya su Mama a ƙauye. Sannan ka faɗi abinda ya kawo ka ba kwana-kwana: "Ɗan'uwa na ji wata magana a kanka, ban kai ta ko'ina ba, na ce gara in zo in ji daga bakinka domin kai nawa ne." Daga nan rufe bakinka. Wannan shirun yana da wuya, za ka ji ayoyi na cunkushe maka a maƙogwaro suna so su fito, danne su. Mutumin nan tun yana makarantar Lahadi ya haddace ayoyin da kake shirin jefa mishi, ya san zina zunubi ne, ba labari za ka ba shi ba. Abinda bai sani ba shine ko akwai sauran wanda zai zauna kusa da shi. Zai iya yin musu da fari, zai iya yin faɗa, zai iya ɗora wa matarsa ko talauci ko Shaiɗan, bar shi ya zazzage duka. In ya fashe da kuka kar ka yi saurin cewa ya isa.

Amma fa kar tausayi ya sa ka ce "ba komai, kowa ma na yi." Akwai komai. In ka ce ba komai ka ƙwace mishi damar tuba, ka kuma ci amanar wanda aka cuta. Annabi Natan da ya je wurin Dauda kan maganar Batsheba da kisan Uriya, a 2 Sama'ila 12, ya bi ta labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, ya bar Dauda ya yanke hukunci da bakinsa, amma da lokaci ya yi bai ɓoye ba, ya ce mishi kai ne mutumin. Kuma da Dauda ya amsa laifinsa nan take Natan ya shaida mishi Ubangiji ya kawar da zunubinsa, bai ce ya je ya dawo bayan wata shida ba. Haka Yesu da matar da aka kama cikin zina a Yohanna 8, bai hukunta ta ba, kuma ya ce ta tafi kar ta ƙara. Kai ma riƙe biyun. Za ka iya cewa, "abinda ka yi ba daidai ba ne, kai ma ka sani, amma jinin Yesu bai gaza a kanka ba, ni kuma ba inda zan je." In ya yarda ku yi addu'a, bar shi ya yi da bakinsa ko da kalma biyar ce, in ya rasa abin faɗa ku buɗe Zabura 51 a waya ya karanta a hankali. Sai ka tuna mishi 1 Yohanna 1:9, aya ɗaya ta isa ranar.

Kar ka yi alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. In ya ce "rantse ba za ka gaya wa kowa ba", ce mishi ba za ka yi yawo da shi ba, amma in abin ya shafi ran wani ko ya zama dole dattawa su sani, za ka fara gaya mishi, kuma tare za ku je. Mafi kyau ma shi da kansa ya kai maganar gaban fasto kana gefensa, wanda ya kai kansa da wanda aka kamo ba ɗaya ake karɓarsu ba.

In ya ƙi ji, ya kore ka, kar ka ruga gurup ka ce ai na je ya zage ni. Ba shi kwanaki, sake komawa. Sai in ya kafe ne za ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu masu riƙe baki ku koma, in nan ma ya ƙi sai maganar ta je ga ikilisiya ta hannun dattawa. Haka Matiyu 18 ta jera su, mu ne muke farawa daga na ƙarshe.

Maganar horo da bencin baya

Nan ne nake so in daɗe, domin nan ne muke asarar mutane. Ikilisiyoyinmu, ko ECWA kake ko COCIN ko Baftis ko EYN, kowace tana da tsarinta na horo, ni kuma ban ce a soke ba sam, Bulus da kansa ya umarci Korintiyawa su fitar da mutumin da ke zama da matar ubansa a 1 Korintiyawa 5. A wurare da yawa an san yadda abin yake, a sanar a gaban jama'a, a dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa domin tunawa da mutuwar Yesu, da kwaya da duk wani aiki, a ce ya koma bencin baya. Ka taɓa lura da wannan bencin ranar Jibi? Yana can kusa da ƙofa inda masu latti ke shigowa, kowa ya shigo sai ya kalli 'yar'uwar da aka sa a horo, tiren ƙananan kofuna ya zo layin gabanta ya juya, ita kuma ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta, yara na leƙowa ta taga. Wadda ta jure wannan Lahadi bayan Lahadi ba ta gudu ba, gaskiya tana neman Allah fiye da da yawa cikinmu da ke zaune a gaba.

Toh me za ka yi? Je ka zauna kusa da ita. Ba dokar da ta hana. Ke 'yar Zumunta ɗauki jakarki ki koma can baya, ku buɗe littafin waƙa ɗaya, in an tashi ki riƙe hannunta ku fita tare ki raka ta har bakin titi ta hau Keke. Kai kuma in namiji ne ke horo, biya mishi da safe ku taho tare, domin takowa daga gida zuwa ƙofar coci shi kaɗai ya fi zaman bencin wuya. In ana biki ko suna ko zaman makoki a unguwa a kira shi ya ɗauki kujeru tare da kowa. Horo ya hana shi Jibi ne, bai hana a gaishe shi ba.

Ku kuma Baba dattawa, da girmamawa nake faɗa, in za a sa mutum a horo a gaya mishi abubuwa a fili: me ake so a gani a rayuwarsa, wane ne zai riƙa ziyartarsa yana karatu da shi, yaushe za a sake zama a duba. A rubuta a littafin miniti. Akwai waɗanda aka sa a horo aka manta da su, aka yi wa fasto canjin wuri, sabo ya zo bai san zancen ba, mutum na can baya shekara da shekaru har ya gaji ya daina zuwa, sai ranar da ya mutu a fara gardama ko za a shigo da gawarsa coci. Bulus ɗin nan da ya iya tsanani shi ne ya rubuta a 2 Korintiyawa 2:6-8 game da wani da aka hora cewa hukuncin da yawancinsu suka yi mishi ya isa haka, yanzu su gafarta mishi su ta'azantar da shi kar baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi, su tabbatar mishi da ƙaunarsu.

Kuma a auna da mudu ɗaya. Ciki ba mutum ɗaya ke yinsa ba, amma sai kaga yarinya a bencin baya domin nata ya fito fili, saurayin kuwa an tura shi Jos ko Abuja wurin kawunsa, Kirsimeti ya dawo yana kaɗa jita a gaba. Ko ɗan mai kuɗin da ya ba da buhunan siminti na ginin coci a yi nasa a ofis a rufe, 'yar gwauruwa mai sayar da awara a yi nata a lasifika. Matasa suna gani fa, ba su da wauta, kuma Yakubu 2 ta yi magana mai zafi kan nuna bambanci tsakanin mai zoben zinariya da matalauci a cikin taro.

Yarinyar da ta yi ciki tana da buƙatun da addu'a kaɗai ba ta biya. A kai ta awo asibiti. A je a roƙi babanta kar ya kore ta, dattijon da yake jin nauyinsa ya je ya ce mishi hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A yi maganar makarantarta, yadda za ta koma bayan ta haihu. Tsoron bencin baya da korar gida shi ke tura yara wurin masu ba da ƙwayoyi a ɓoye, wasu su rasa ransu, wasu su gudu su bar bangaskiyar gaba ɗaya. In ka ji tana cewa gara ta mutu ta huta, kar ka ɗauka wasa ne, kar a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga ɗakin, a sanar da babba a kai ta wurin likita. Jaririn kuma ba shi da laifin kowa, a je barka a kai sabulu da zani kamar yadda ake kai wa kowa, kuma duk wanda ya kira shi da mummunan sunan nan a tsawata mishi.

Inda gafara ba ta rufewa

Yanzu kar wani ya ɗauki maganata ya mai da ita bargon rufe ɓarna. Wanda ya lalata ƙaramar yarinya ko yaro, ko ya yi fyaɗe, wannan ba maganar a sasanta a ofishin fasto ba ce, laifi ne a dokar ƙasa, a fara kai yaron asibiti, a kai maganar ga hukuma, ko waye shi, ko malamin makarantar Lahadi ne ko mai wa'azi. Romawa 13 ta ce hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba. Za a iya kai mishi ziyara a gidan yari a yi addu'a da shi, Allah na gafarta wa mai tuba ko a can, amma ba a sake ba shi yara. Matar da miji ke duka har jini, kar a ce mata "ki yi haƙuri ki koma, Kirista gafara aka san shi da ita" alhali ba abinda ya canza, a fara sama mata wurin da za ta kwana lafiya. Kuma kar a tilasta wa wanda aka cuta ya tsaya gaban jama'a ya rungumi wanda ya cuce shi domin a tafa a ce an shirya. Ba shi lokaci.

Kuɗi ma haka. Ma'ajin da ya taɓa kuɗin ikilisiya ya tuba, mun gafarta, madalla, sai a zauna a rubuta nawa ne, nawa zai iya biya duk wata ko duk kaka in manomi ne, ba tare da an bar 'ya'yansa da yunwa ba. Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 da kansa ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Amma makullin akwati kam a ba wani. Mai ɗori in ya ɗaure ƙafar da ta karye ba ya cewa tashi ka ɗauki buhun masara gobe, ba don ya tsani ƙafar ba. A gyara tsarin ma, mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, a sa hannu, a kai banki, domin wani lokaci mu ne muka bar mutum shi kaɗai da jaraba sati-sati alhali yaransa na gida an koro su kan kuɗin makaranta.

In kai aka yi wa

Duk wannan da sauƙi in laifin bai taɓa ka ba. In mijinki ne, in abokinka ne ya cinye maka jari, in 'yarka ce aka ɓata wa suna, maganar ta canza. Ba zan ce maka ka manta ba, ba ka da makunnin kashe tunani. Abinda za ka iya shine ka yanke shawara gaban Allah cewa ba za ka rama ba, ba za ka riƙa bin mutane kana ɓata shi ba, kuma ka fara yi mishi addu'a ko da haƙora a cije. Zafin zai dawo, wata rana kana wanka ma zai taso maka, sai ka sake miƙawa. Da Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, Yesu ya ce har bakwai sau saba'in, ya kuma ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000 shi kuma ya shaƙe ɗan'uwansa kan dinari 100. Yi lissafin ka gani: dinari ɗaya ladan lebura ne na yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne, kenan bashin bawan ya kai dinari miliyan 60, aikin sama da shekara 160,000 ba hutu. Dinari 100 ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne, aikin wata uku da ɗoriya ne, Yesu bai ce abinda aka yi maka ba ciwo ba. In abin ya fi ƙarfinka gaya wa wani babba cikin bangaskiya, ka ce Baba na kasa, taimake ni. Ya fi ka yi murmushin ƙarya a coci kana ƙin gaisawa a hanya.

Akwai wata faɗuwar da ba mu cika son taɓawa ba. Cikin 'yan'uwan da suka gudo daga Borno da Yobe da arewacin Adamawa, musamman wajen 2014, akwai waɗanda aka sa wa wuƙa a wuya suka faɗi abinda bai kai zuciyarsu ba domin su tsira, akwai matan da suka dawo daga daji da goyo. Kai da kake kwana a ɗakinka da fanka kar ka yi saurin cewa da ni ne da na mutu, Bitrus ma haka ya ce. Ikilisiya ta taɓa shan wannan gardamar tun da daɗewa, kuma a nan Afirka. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida, masu bi da yawa suka miƙa, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka, wani Nobatiyan a Roma ya kafe cewa ba za a karɓe su ba har ya ware da mutanensa, amma taron bishop-bishop a Kartej, ƙasar Tunisiya ta yau, ƙarƙashin Bishop Sifiriyan a 251, ya tsayar cewa a duba kowa da irin nasa, wanda ya sayi takarda ba ɗaya yake da wanda ya miƙa hadaya ba, kuma akwai hanyar dawowa ga mai tuba. Sifiriyan ɗin nan ba mai sakaci da bangaskiya ba ne, a 258 aka fille mishi kai saboda ita.

Ranar dawowa da bayanta

In an sanar da horo a gaban jama'a, toh a sanar da ƙarewarsa a gaban jama'a, da murya ɗaya da ƙarfi ɗaya, ba a cusa shi tsakanin sanarwar gyaran famfo da ta miting ɗin kwamiti ba. A kira shi gaba, fasto ya yi addu'a, dattawa su miƙa mishi hannu, mata su yi guɗa in suna so, a ba shi Jibi. Uban nan na Luka 15, da ɗansa ɓatacce ya dawo gida, riga mafi kyau ya sa aka kawo da zobe da takalmi aka yanka ɗan maraƙi, wanda ya tsaya a waje yana kumbura kuwa babban wa ne, mai aiki kullum, wato irinmu masu zuwa coci ba fashi.

Daga ranar maganar ta rufu. In ana zaɓen shugabannin matasa bayan shekara uku kar wani ya ɗaga hannu ya ce "amma fa kun tuna." In wani ya zo neman aurenta aka zo bincike wurinki, kar ki yi ƙarya, amma ki faɗi wacece ita yau, sauran kuma ita ce za ta gaya wa mai nemanta da bakinta. A ba mutum aiki, ko ƙarami ne, shara, jera kujeru, komawa kwaya, raka masu zuwa bishara ƙauye. Yohanna Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya, har manyan nan biyu suka rabu a kansa a Ayyukan Manzanni 15 domin Barnaba ya nace a sake ba shi dama, ƙarshe Bulus ɗin da ya ƙi shi ne ya rubuta wa Timoti daga kurkuku ya ce ya taho da Markus domin yana da amfani a gare shi. Wanda ya faɗi daga kan mimbari, fasto ko dattijo, nasa ya fi ɗaukar lokaci, a dawo da shi zumunci da wuri amma komawa shugabanci sai an ga shekaru na aminci, kuma sai an ji ta bakin waɗanda ya cuta.

Mai shaye-shaye kuwa ka sa a ranka zai iya sake zamewa, wataƙila ba sau ɗaya ba. Ka san ranakun haɗarinsa, ranar albashi, ranar kasuwar garinsu, lokacin Kirsimeti da kowa ya koma gida tsofaffin abokai suka haɗu. Kira shi tun kafin ranar, ba bayanta ba, ka ce ya zo ya taya ka wani aiki ko ku je kallon ƙwallo tare. In ƙwaya ce ta kama shi sosai har jikinsa na rawa in bai sha ba, haɗa da asibiti, akwai likitocin da aikinsu kenan, ka raka shi ranar farko ka zauna a layi tare da shi har a kira sunansa.